Tsatson Aiki na Karen Jamus: Asalinsa, Rassansa da Halayensa

Karen kiwon tumaki na Jamus, wanda a Nijeriya aka fi sani da Alseshiyan ko karen 'yan sanda, iri ɗaya ne a littafin rajista, amma ya daɗe da rabuwa gida biyu. Akwai wanda ake kiwo domin gasar kyan gani, akwai kuma wanda ake kiwo domin bin sawu, gano miyagun ƙwayoyi da nakiya, tsaron iyaka, da neman mutanen da gini ya rufta wa. Na biyun shi ake kira tsatson aiki, kuma shi ma ya yi rassa uku da ake yawan jin sunayensu a bakin masu sayar da karnuka: na Jamus ta Yamma, na Jamus ta Gabas da ake taƙaitawa DDR, da na ƙasar Cek. Ruɗanin da ke tattare da waɗannan sunaye yana da yawa. Wasu na ɗauka irin karnuka ne daban-daban, wasu na ganin tsatson aiki na nufin kare mai cizo, wasu kuma na biyan kuɗi mai tsoka saboda suna kawai.

Ma'anar kalmomi

Iri, a nan, shi ne rukunin karnukan da suka yi tarayya a siffa da asali, waɗanda wata ƙungiya ta rubuta musu ma'auni, ta kuma buɗe musu rajista. Tsatso kuwa reshe ne a cikin irin, wato zuri'ar da ta fito daga wasu sanannun iyaye, aka yi ta zaɓen 'ya'yanta shekara da shekaru bisa wata manufa. Makiyayi ya san wannan bambanci sarai. Bunaji iri ne, amma a cikin garken Bunaji akwai gidan wata saniya da aka sani da yawan nono ko da juriyar tafiya, har ana kiran 'ya'ya da jikoki da sunan uwar.

Takardar nasaba ita ce shaidar da ke jera iyaye da kakannin kare, galibi zuwa hawa huɗu ko biyar, tare da jarrabawar da kowannensu ya ci da sakamakon gwajin lafiyarsa. DDR kuma harufan farko ne na sunan tsohuwar Jamus ta Gabas a harshen Jamusanci. Sunan Alseshiyan ya samo asali ne daga Birtaniya, inda bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙyamaci duk abin da ke ɗauke da sunan Jamus, sai aka laƙaba wa karen sunan yankin Alsas da ke kan iyakar Faransa da Jamus. Sai a 1977 ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya ta amince a koma ga sunan asali. Saboda haka Alseshiyan da karen Jamus abu ɗaya ne, duk da cewa har gobe ana samun masu rantsuwa cewa sun bambanta.

Mafarin irin

A ƙarshen ƙarni na 19 makiyayan Jamus na da karnukan kiwo barkatai: masu gajeren gashi da masu dogo, masu tsayayyen kunne da masu lanƙwasasshe. Na yankin Turinjiya ƙanana ne masu zafin nama, na Wurtembag manya ne masu sanyin hali. An taɓa kafa wata ƙungiya mai suna Phylax a 1891 domin daidaita su, amma ta watse cikin 'yan shekaru saboda saɓani kan abin da ya fi cancanta a fifita, kyan siffa ko iya aiki. Wannan gardama ce dai ta ci gaba da bin irin har yau.

A 1899 wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya ga wani kare ruwan toka a wurin baje kolin karnuka, ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Horand von Grafrath. A watan Afrilun wannan shekara shi da abokinsa Arthur Meyer da wasu suka kafa ƙungiyar masu kiwon karen, wadda ake taƙaita sunanta SV, aka sa Horand a lamba ta 1 ta rajista. An yi ta haɗa 'ya'yansa da jikokinsa barbara ta kusa domin siffar ta zauna, ta yadda kusan duk karen Jamus da ke duniya yau nasabarsa na komawa gare shi.

Stephanitz ya lura cewa kiwon tumaki na ja da baya a Jamus saboda masana'antu da jirgin ƙasa da killace gonaki. Sai ya tashi haiƙan wajen shigar da karen aikin 'yan sanda da soja. A Yaƙin Duniya na Ɗaya karen ya kai saƙo tsakanin ramukan yaƙi, ya nemo masu rauni, kuma a 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan ja-gorar makafi a garin Oldenbag saboda sojojin da suka rasa idanunsu. Har ya mutu a 1936, ra'ayin Stephanitz bai sauya ba: karen da ba ya aiki bai cancanci a bar shi ya yi zuri'a ba, komai kyansa.

Jarrabawar da ta gina tsatson

Abin da ya mayar da wannan ra'ayi tsari shi ne jarrabawar da aka fara a 1901, mai suna Schutzhund, ma'ana karen kariya. Sunanta ya sauya sau da dama, tun 2019 ana kiranta IGP. A 1922 aka ƙara wani tantancewa na musamman ga karnukan da za a bari su yi barbara. Duk wanda yake son fahimtar tsatson aiki, dole ya fahimci wannan jarrabawa, domin ita ce rariyar da aka tace zuri'ar da ita fiye da shekara 100.

Kashi uku ce, kowane kashi maki 100, kuma sai kare ya samu aƙalla 70 a kowanne. Na farko bin sawu. A mataki na uku na jarrabawar, wanda shi ne mafi girma, wani baƙo ne zai taka fili taku 600 ko fiye, ya yi kwana huɗu, ya yar da ƙananan abubuwa uku a hanya, sannan a jira awa guda. Sai a kawo karen da igiya mai tsawon mita 10. Zai sa hancinsa ƙasa yana bin takun ɗaya bayan ɗaya a natse, ba gudu, ba ɗaga kai. Idan ya zo kan abin da aka yar, sai ya kwanta, abin na tsakanin ƙafafunsa na gaba, har ubangidansa ya zo ya ɗauka. Kashi na biyu biyayya: tafiya a gefen ƙafa ba igiya, zama da kwanciya da tsayuwa da kalma ɗaya, ɗauko katako ta tsallake shinge mai tsayin mita 1. Ana cikin haka ake harba bindiga sau biyu. Karen da ya firgita ya faɗi.

Kashi na uku, na kariya, shi ne wanda jama'a suka fi gani a bidiyo, kuma shi suka fi yi wa gurguwar fahimta. Akwai maɓoya shida a filin, wani mutum sanye da hannun riga mai kauri yana ɓoye a ta ƙarshe. Karen zai zagaya su bisa umarni, idan ya same shi sai ya tsaya gabansa yana haushi ba ƙaƙƙautawa, bakinsa kamar taku ɗaya daga jikin mutumin, amma ba zai taɓa shi ba muddin yana tsaye cik. Sai mutumin ya gudu ko ya kawo hari karen zai kama hannun rigar da cikakken baki. Da mutumin ya tsaya, aka ba da umarnin saki, dole ya saki. Karen da aka umarta sau uku bai saki ba, an kore shi daga jarrabawar gaba ɗaya, ko da ya cinye makin sauran kashi biyun. Abin da ake aunawa ke nan shi ne ko kare na iya jin magana a lokacin da jininsa ya fi tafasa. Cizo kam kowane kare ya iya.

Yadda gidan ya rabu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an raba Jamus biyu a 1949, aka gina katangar Berlin a 1961. Karnukan ɓangarorin biyu suka daina gauraya na kusan shekara 40, kowane ɓangare ya bi hanyarsa.

A Yamma, kasuwa ce ta yi jagora. Daga shekarun 1970 wasu 'yan karnuka kaɗan, irin su Quanto da Canto na gidan kiwon Wienerau, suka mamaye gasar kyan gani, aka yi ta tururuwar kai musu mata. Daga nan aka samu siffar da yawancin mutane ke ɗauka ita ce ainihin karen Jamus: ja mai baƙin sirdi, babban jiki, baya mai gangarowa, ƙafafun baya masu lanƙwasa sosai domin sassarfa mai faɗin taku a gaban alƙalan gasa. Masu sha'awar aiki suka ja gefe da nasu karnukan, suna auna su a gasar jarrabawar aiki ta ƙasa. Sunaye irin su Bernd vom Lierberg da Fero vom Zeuterner Himmelreich sun cika takardun nasabar wannan reshe. A yau da wuya a ga mai kiwon da ke haɗa gidajen biyu, duk da cewa rajistarsu ɗaya.

A Gabas, hukuma ce ta riƙe linzami. A lokacin ana ba kowane kare lamba mai alƙaluma shida, uku na farko na bayanin gininsa, uku na ƙarshe na bayanin halinsa, kamar natsuwa da kaifi da jarunta. Ana duba 'ya'yan da kare ya haifa domin a san abin da yake gadarwa, ana kuma tsananta hana masu matsalar ƙugu yin zuri'a. Da yake ƙofar shigo da sabon jini a rufe take, sai aka samu kare mai kamanni ɗaya: babban kai, ƙashi mai kauri, duhun launi, baya miƙaƙƙe. Ba a raba tarihin wannan reshe da aikin da aka sa shi. Iyakar da ta raba Jamus biyu ta kai kusan kilomita 1,400, kuma a wurare da dama an ɗaure karnuka a jikin dogayen wayoyi suna kai da komo dare da rana, cikin sanyi da kaɗaici, domin hana 'yan ƙasar tserewa zuwa Yamma. Da katangar ta faɗi a 1989, dubban irin waɗannan karnuka suka rasa aiki, aka shiga nema musu gidaje. Masu tallata sunan DDR da alfahari ba kasafai suke ambaton wannan ɓangare ba, alhali ya kamata a riƙa tunawa da shi.

Reshen Cek ya taso ne daga gidan kiwon rundunar tsaron iyakar tsohuwar Cekoslobakiya, mai suna z Pohraniční stráže, wanda aka kafa a 1955, kuma ya ɗebi jini sosai daga Jamus ta Gabas. Manufarsa guda ce, samar wa masu sintiri karen da zai bi sawu cikin daji ya kama mutum. Karnukansa sun fi na DDR sauƙin jiki da zafin nama. A wannan runduna ce kuma aka gwada haɗa karen Jamus da kyarkecin tsaunukan Karfatiya. Gwajin bai ba da karen aikin da ake fata ba, amma ya haifar da wani iri na daban da aka yi wa rajistarsa. Wannan ya isa amsa ga masu cewa ƙarfin tsatson aiki daga jinin kyarkeci yake: inda aka gwada a aikace, jinin kyarkeci ya fi kawo ɗari-ɗari da mutane da wuyar horo.

Siffa da hali

Ma'aunin irin bai bambanta tsakanin gidajen ba. Namiji santimita 60 zuwa 65 a kafaɗa, nauyi kilo 30 zuwa 40. Mace santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. Karen aiki ya fi zama a tsakiyar wannan ma'auni ko ƙasa, domin ƙaton jiki nauyi ne ga wanda zai tsallake katanga ko ya yini yana shinshina kaya a tashar jirgi. Launinsa galibi ruwan toka ne mai ratsin baƙi irin na dila, ko baƙi wuluk, ko baƙi mai jan ƙafafu. Mai neman ado yakan raina shi a kallon farko.

A hali ne bambancin ya fi fitowa. Masu horo na duba abubuwa kamar huɗu. Akwai zaƙuwar bin abin da ke motsi da riƙe shi, wadda ita ce jarin horo, domin karen da ke neman ƙwaya a cikin jaka a zuciyarsa ƙwallonsa yake nema, an koya masa cewa wannan ƙamshi ne ke kawo ta. Akwai tsayawa gaban barazana ba tare da ja da baya ba. Akwai juriya, wato saurin farfaɗowa bayan wahala ko tsawa. Sai kuma dakewar zuciya, wadda ta fi sauran muhimmanci kuma ta fi wuyar samu: kare ya shiga kasuwa, ya taka bene mai santsi, ya ji ƙarar babur da ihun yara, bai damu ba. Karen da ke tayar da gashin wuya yana yi wa kowa gurnani, sau da yawa tsoro ne ke cinsa, kuma mai horon kirki ba ya karɓar irinsa.

Waɗannan halaye suna da tsada ga mai gida. Karen da ya gaji son aiki, idan aka kulle shi a keji ko aka ɗaure shi a bakin ƙofa ba abin yi, zai nemo wa kansa aiki: tona rami, yage kaya, zagaye wuri ɗaya, haushin dare, a ƙarshe cizon wanda bai ji ba bai gani ba. Yana buƙatar motsa jiki da horo kullum, da kuma sabawa da mutane tun yana ɗan kwikwiyo, musamman a watanni uku zuwa huɗu na farko.

Saɓanin ra'ayi

Masu tsatson aiki na zargin masu gasar kyan gani da lalata irin. Zargin ya fito fili a 2016, lokacin da wata karya mai gangararren baya ta zo ta ɗaya a cikin irinta a gasar Crufts ta Birtaniya, jama'a suka ga yadda take tafiya a talabijin, aka yi ca a kan masu gasar. Su kuma masu kyan gani na cewa karnukansu sun fi dacewa da zaman gida, kuma a Jamus su ma sai sun ci jarrabawar aiki kafin a bar su barbara. Suna ƙarawa da cewa wasu masu tsatson aiki sun wuce gona da iri wajen neman zafin nama domin cin maki, har sun samar da karen da ba ya iya kwanciya ya huta. Akwai gaskiya a wannan martani, ko da yake hujjar masu aiki ta fi ƙarfi a batun ƙashi da tafiya.

Saɓani na biyu a kan sunan DDR ne. Tsarin da ya samar da wannan reshe ya rushe tun 1990, kuma shekara 30 da ɗoriya a rayuwar kare ta kai hawa takwas zuwa goma. Lissafin gado a fili yake: kakan da ke hawa na biyar, idan sau ɗaya ya fito a takarda, abin da ake sa ran ya bayar kashi 1 ne cikin 32. Akwai masu kiwon da suka tsare jinin bai gaurayu ba, amma da yawa sun koma zaɓen babban kai da baƙin launi saboda su kasuwa ke so, ba tare da gwajin da ya yi wa kakannin suna ba. Tsatso na rayuwa ne muddin ana ci gaba da tacewa. Da an daina, 'yan hawa kaɗan sun isa halin ya zube, sunan ya saura.

A fagen aikin ma karen Jamus ya samu kishiya. Rundunonin 'yan sanda da soja da dama, har a cikin Jamus, sun karkata ga karen Malinuwa na Beljiyam, wanda ya fi sauƙin jiki da sauri, kuma ya fi daɗewa yana aiki.

Lafiya, da batun ƙasashe masu zafi

Tsatson aiki bai tsira daga cututtukan gado na irin ba. Babbar cikinsu ita ce rashin daidaiton gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa, sai ciwo da ɗingishi su biyo baya. Akwai irinta a gwiwar ƙafar gaba. Ba a gane su da ido a jikin kwikwiyo, sai da hoton ƙashi bayan kare ya cika shekara, shi ya sa SV ke buga sakamakon a takardar nasaba. Akwai kuma lalacewar laka da ke shanye ƙafafun baya a tsufa, wadda yanzu ake iya gwada ƙwayar halittar da ke da alaƙa da ita, da murɗewar tumbi mai kisa cikin 'yan awoyi. Tsawon ransa kan kai shekara 9 zuwa 13.

A Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar akwai ƙarin ƙalubale biyu. Gashinsa riɓi biyu ne, an gina shi domin hunturun Turai, don haka zafin Maris da Afrilu na iya kashe shi idan aka sa shi gudu da rana ko aka bar shi a kejin kwano. Aikinsa sai da asuba ko bayan la'asar, da inuwa da ruwa a kowane lokaci. Na biyu kaska. Zazzaɓin da take ɗauka, wanda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, ya fi yi wa karen Jamus illa fiye da yawancin karnuka, kuma ya hallaka karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam. Karnukan gida da mafarauta ke fita da su sun fi shi jure wannan yanayi nesa ba kusa ba, kuma su ma tsatson aiki ne a ma'anarsa ta asali, tunda bisa iya farauta ake zaɓen su, sai dai ba a rubuta nasabarsu. Allurar haukan kare wajibi ce ga kowane iri, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom na samar da ita.

Ga hukumomin da ke amfani da karnuka, kamar 'yan sanda da kwastan da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da ma mai gonar da ke neman mai gadi, abin dubawa a takardar nasaba shi ne hawa biyu na kusa: ko uwa da uba sun ci jarrabawar aiki ko suna aikin a zahiri, ko an ɗauki hoton ƙugunsu da gwiwarsu, ko lambar da ke jikin kare ta dace da ta takarda. Bayan takarda sai ganin uwar da ido a wajen gidan da ta saba, a ga yadda take karɓar baƙo da ƙara, domin kwikwiyo na gadon rabin jininsa daga gare ta, kuma a gefenta yake yin makonni takwas na farkon rayuwarsa.